Tamale: Masu Digirin Wasanni Tsakanin Fili, Aji Da Gida

Duk wanda ya taɓa sauka a Tamale da motar dare, ya kuma yi sallar Asuba a garin, zai lura da wani abu tun kafin 'yan kasuwar Aboabo su fara buɗe rumfunansu. Gari bai gama wayewa ba za ka ga samari, wani lokaci har da 'yan mata, suna gudu a gefen titi ko a filayen makarantu, ƙura na tashi, a bayansu kuwa ga wani mai usur a wuya yana ƙirga musu zagaye. Sau da yawa wannan mai usur ɗin mutum ne da ya share shekara huɗu a jami'a yana karanta ilimin motsa jiki da wasanni, kuma kafin ƙarfe takwas ana jiransa a aji.

Da yawa daga cikin irin waɗannan matasa 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Da ribar goro, da ta hatsi, da ta man kaɗanya, da kuɗin adashen iyaye mata aka biya musu makaranta. Saboda haka tambayar da ake yi a bakin rumfa, daga Tamale har Bawku da Paga, ita ce: shin karatun nan ya biya kuwa? Me ya sa yaro ya gama jami'a, ya sami aiki, amma ba a ganinsa wurin suna, ba a ganinsa wurin ɗaurin aure, kuma wata bai yi nisa ba ya dawo neman rance?

Amsar tana cikin yanayin sana'ar ita kanta. Ɗan kasuwa idan ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, aiki ya tashi sai gobe. Shi kuwa ma'aikacin wasanni, lokacin da jama'a ke hutawa shi ne lokacin aikinsa, kuma jikinsa da iyalinsa su ne jarinsa.

Garin da ƙwallo ta yi wa suna

Ba abin mamaki ba ne yaron Tamale ya taso da sha'awar wasanni, domin kuwa garin yana da tarihi a wannan fage. A 1976 aka kafa ƙungiyar Real Tamale United, wadda aka fi sani da RTU, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai marigayi Alhaji Aliu Mahama, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasar Ghana daga 2001 zuwa 2009. A wannan ƙungiya ce tauraron Abedi Pele ya fara haskawa, kafin ya ci Kofin Afirka tare da Ghana a Libiya a 1982, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, ya kuma ɗauki Kofin Zakarun Turai da ƙungiyar Marseille ta Faransa a 1993.

Idan mai karatu bai manta ba, Tamale na cikin garuruwa huɗu da suka karɓi baƙuncin gasar Kofin Afirka ta 2008. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina sabon filin wasa mai ɗaukar mutum wajen 20,000, inda ƙasashen Tunisiya da Senegal da Angola da Afirka ta Kudu suka fafata a rukuninsu, kuma a nan ne Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2. A 2017 aka sa wa filin sunan Aliu Mahama.

Bayan haka garin ya ci gaba da fitar da gwanaye. Mubarak Wakaso haifaffen Tamale ne, haka Abdul Majeed Waris, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar Suwidin a 2012 da ƙwallo 23, haka Baba Rahman da ƙungiyar Chelsea ta saya daga Jamus a 2015. Na baya-bayan nan shi ne Abdul Fatawu Issahaku, wanda ya fito daga ƙungiyar Steadfast ta Tamale, aka zaɓe shi gwarzon gasar matasan Afirka 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya a 2021, daga nan ya wuce Fotugal, sannan Ingila.

Waɗannan su ne ake liƙa hotunansu a shagon aski da jikin keke mai ƙafa uku. Sai dai kuma a bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai tarin mutanen da ba a san sunansu ba, wato malaman wasanni na makarantu, da masu horar da yara, da alƙalan wasa, da masu gasa wa 'yan wasa jiki, da sakatarorin ƙungiyoyi. A cikin waɗannan ne akasarin masu digirin wasanni suke ƙarewa.

Daga Winneba zuwa jiran aiki

Shekara da shekaru, ɗan Arewacin Ghana da ke son digiri a wannan fanni sai ya gangara bakin teku, ko dai Jami'ar Ilimi ta Winneba, wadda aka kafa a 1992, ko kuma Jami'ar Cape Coast. A garin na Winneba ne kuma Kwalejin Wasanni ta Ƙasa take. Daga Tamale zuwa Accra kaɗai tafiyar kilomita wajen 600 ce, don haka tun daga shekarar farko yaro ya fara koyon nisa da gida. Wasu kuwa sukan fara ne daga kwalejojin horar da malamai na cikin gari, irin su Bagabaga, wadda take nan tun 1944, kafin su ƙaro karatu.

Karatun ba gudu da tsalle ba ne kawai, kamar yadda wasu iyaye ke zato. Ana koyon yadda ƙashi da tsoka da jijiya ke aiki, da abincin da ya dace da mai motsa jiki, da taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, da dabarun koyarwa, da dokokin wasanni, da yadda ake shirya gasa da tsara kasafinta.

To amma karɓar takarda daban, samun albashi daban. Bayan jami'a akwai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda alawus kawai ake biya. Tun daga 2018 kuma, wanda zai koyar sai ya ci jarrabawar samun lasin koyarwa. Daga nan sai jiran Hukumar Ilimi ta Ghana ta buɗe ɗaukar ma'aikata, ita ma sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba ta izini. Wannan jira kan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma a tsakanin nan ne za ka ga mai digiri yana tsare wa mahaifinsa shago, ko yana tuƙa keke mai ƙafa uku, da yamma ya tafi horar da yaran unguwa kyauta domin kada hannunsa ya yi sanyi.

Idan aikin ya fito, ba lalle a bar shi a Tamale ba. Ana iya tura shi wata gunduma mai nisa, wajen Gushegu ko Saboba ko Bole, alhali ƙungiyar da yake horarwa, da amaryarsa, da iyayensa duk suna birni. Daga ranar ya zama ɗan hanya, babur ɗinsa ya zama gidansa na biyu.

Sana'ar da ba a rufe mata ƙofa

Bari mu bi mako guda na irin wannan malami. Da asuba yana fili da 'yan gudu, saboda a watannin Maris da Afrilu zafin Tamale kan kai digiri 40 a ma'auni, ba wanda zai iya atisaye da rana tsaka. Daga safe zuwa bayan Azahar yana makaranta. Da yake shekara da shekaru darasin motsa jiki ba ya cikin jarrabawar kammala makaranta, shugabannin makarantu da dama kan ɗora wa malaminsa wani darasin daban, ko kula da ɗakin kwanan ɗalibai, don a ganinsu shi ne ba shi da aiki. Bayan La'asar ya koma fili da ƙungiyar makaranta ko ta unguwa, sai Magariba ta raba su.

Ranakun Asabar da Lahadi, waɗanda ma'aikatan ofis ke zama da iyali, su ne ranakun wasa. A wannan yanki kuma ranakun ne aka fi sa ɗaurin aure da walima da sadakar mamaci. Mutumin da aka ba alƙalancin wasa a Bolgatanga ko Wa ba zai ce a ɗaga wasan ba don ana auren ƙanwarsa. Idan ya je wasan, dangi su ce ya raina zumunci. Idan ya zauna biki, masu raba aiki su ce ba shi da tabbas, gobe su ba wani. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma shi kusan kowane mako sai an miƙa masa su tare.

Ga kuma watan azumi. A 2024 da 2025 Ramadan ya faɗo ne a tsakiyar bazara, kuma gasa ba ta tsayawa. Mai horarwa sai ya sake tsarin aikinsa gaba ɗaya, ko ya kai atisaye dab da shan ruwa, ko ya mayar da shi dare. Ke nan buɗa-baki da iyali da sallar Asham su ne ke shiga tsaka mai wuya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, koci a unguwa uba ne ga yaran da ba shi ya haifa ba. Yaron da bai karya ba, shi zai saya masa koko da ƙosai. Wanda takalminsa ya yage, shi za a duba. Wanda ya karye a fili, shi zai ɗauka a babur zuwa asibiti, shi kuma zai tsaya gaban iyayen yaron ya sha faɗa. Duk wannan daga aljihun da uwargida ke jiran kuɗin cefane yake fita.

Kuɗin da ke zuwa ɗigo-ɗigo

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin bambancin ciniki da riba. Mai digirin wasanni yakan sami kuɗi ta hanya uku ko huɗu, amma guda ɗaya ce tabbatacciya, wato albashin koyarwa. Alƙalanci a kan kowane wasa ake biya, kuma yakan yi jinkiri. Horar da ƙananan ƙungiyoyi ya dogara ne ga aljihun mai ƙungiyar, wanda shi ma sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa. Bugu da ƙari, digirin jami'a ba ya ba mutum damar zama a benci a babbar gasa, sai ya mallaki lasin horarwa na hukumar ƙwallon ƙafa, mataki-mataki tun daga D har zuwa A, kuma kowane mataki da kuɗinsa, ga kuɗin mota da masauki.

Shekarun baya sun nuna yadda wannan abinci ke iya yankewa dare ɗaya. A watan Yunin 2018, bayan ɗan jaridar nan Anas Aremeyaw Anas ya fitar da bincikensa kan cin hanci a harkar ƙwallon Ghana, an tsayar da gasa, an rushe shugabancin hukumar, ba a zaɓi sabon shugaba ba sai Oktoban 2019. Gasa na farfaɗowa ke nan sai annobar korona ta zo a Maris na 2020, aka rufe makarantu da filaye, aka soke kakar wasa gaba ɗaya. Mai albashin gwamnati ya ci gaba da karɓar abinsa, amma wanda ya dogara da usur ko makarantar kuɗi sai da ya koma gindin iyaye. Sannan a Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, abin da duk mai sayo kaya da sefa ya sayar da sidi ba zai manta ba.

Ita kanta RTU, abin alfaharin Arewa, ta ɗanɗana. Ta faɗo daga gasar Firimiya a 2013, ba ta koma ba sai 2021, ta kuma sake faɗowa a 2024, a daidai lokacin da 'yan wasanta ke kukan rashin biyan albashi. Idan babbar ƙungiya ta shiga wannan hali, mai karatu ya auna yadda ƙananan suke.

Wannan ne ya sa a gidaje da dama sana'ar matar ce ke riƙe da tukunya. Ita ke da teburin kayan miya ko keken ɗinki ko rumfar atamfa, ita ke zubin adashe, ita ke rufa asiri a watan da ba a biya alawus ba. Saboda haka a wannan sana'a maganar aure maganar jari ce. Wanda ya sami mace mai fahimta da sana'a a hannu yakan daɗe a fili, wanda bai samu ba kuwa, ko dai ya ajiye usur, ko gida ya riƙa hayaƙi kullum.

Jiki shi ne kayan shago

Kayan ɗan kasuwa suna cikin sito, ana iya yi musu inshora, ana iya barin yaro ya tsare. Kayan ɗan wasa da malamin wasanni kuwa gwiwarsa ce da ƙugunsa. Dattawan Zango ba su manta da Baba Yara ba, gwanin da babban filin wasa na Kumasi ke ɗauke da sunansa. Haɗarin mota ne ya rutsa da shi a 1963 a hanyar dawowa daga wasa, bai sake taka ƙwallo ba har ya rasu a 1969. A zamaninmu, Baba Rahman ya ji mummunan rauni a gwiwa a gasar Kofin Afirka ta 2017 a Gabon, shi ma Fatawu Issahaku irin wannan rauni ya same shi a Nuwamban 2024 yana yi wa ƙasarsa wasa da Angola, ya yi watanni yana jinya.

Waɗannan suna da manyan ƙungiyoyi da likitoci a bayansu. Malamin da ya gurɗe a filin makaranta a ƙauye kuwa, 'yan uwansa ne za su yi karo-karo. A nan ne amfanin takarda ke fitowa fili, domin mai digiri ko ƙafa ta gaza yana iya koyarwa, yana iya riƙe ofis, yana iya shirya gasa. Majeed Waris ma ta hanyar makarantar Right to Dream ya bi, wadda ke haɗa ƙwallo da boko, kuma sai da ya yi karatu a kwalejin Hartpury ta Ingila kafin ya zama ƙwararren ɗan wasa.

Nauyin ya fi yawa a kan mata

A nasu ɓangaren, 'yan mata suna fuskantar duk abin da aka lissafa, da ƙari. Tamale ta ga abin da 'ya mace za ta iya yi a 2018, lokacin da Mukarama Abdulai, 'yar garin da ta taso a ƙungiyar Northern Ladies, ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17, inda ta ci 7. Tun 2014 kuma dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince mace ta yi wasa da ɗan kwali ko hijabin wasanni, abin da ya sauƙaƙa wa iyaye Musulmi da dama.

Duk da haka, shekarun da mace ke gina sunanta a matsayin mai horarwa ko alƙaliya su ne shekarun aure da goyo. Tafiyar kwana biyu da ƙungiya na bukatar yardar miji da ta surukai, da wanda za a bar wa yara. Alƙalan wasa kuma sai sun ci gwajin gudu kafin a ba su aiki, don haka bayan kowace haihuwa sai mace ta sake gina jikinta tun daga tushe. Wadda mahaifiyarta ko uwar mijinta ta tsaya mata takan ci gaba, wadda ba ta da mataimaki kuwa takan tsaya a aji kawai. Hasarar ba tata ba ce ita kaɗai, domin iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta shiga fili ba sai sun ga mace ce ke kula da ita.

Abin da ya rage ga iyaye

Alhaji da Hajiya da ɗansu ko 'yarsu ke son wannan karatu, abin da ya fi shi ne a zauna a yi lissafi irin na kasuwa. A sa kuɗin lasin koyarwa da na horarwa cikin kasafi tun farko, kada a ɗauka ranar bikin yaye ɗalibai kashe kuɗi ya ƙare. A ƙarfafa wa yaro ya riƙe darasi na biyu da zai iya koyarwa, kamar kimiyya ko lissafi. A bar masa ƙafa ɗaya a kasuwa, domin rigunan ƙwallo da takalma da ƙwallaye da kofuna duk haja ce, kuma wanda ya san malaman wasanni na gundumomi goma ya riga ya sami masu saye. Hanyar da kakanninmu suka bi da goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa ba ta mutu ba, kaya ne kawai suka sauya.

Idan an zo maganar aure, a faɗa wa dangin amarya gaskiya, cewa wannan mutum ba shi da Asabar ba shi da Lahadi a lokacin gasa. Idan za a sa ranar biki a gida, a tambaye shi jadawalinsa kamar yadda ake tambayar direban babbar mota ranar da zai dawo daga Tema. Shi ma ma'aikacin wasanni da nasa haƙƙin. Ya ware kuɗin gida daban da na ƙungiya, ya sanya wa kansa rana ɗaya a mako da ba zai taka fili ba, ya kuma tuna cewa yaran da ya haifa su ma suna bukatar ganinsa kamar yaran da yake horarwa.

Ga attajiranmu masu ɗaukar nauyin ƙungiyoyin unguwa da gasar Sallah kuwa, kyautar kofi da rago abu ne mai kyau, amma biyan koci da alƙali haƙƙinsu a kan lokaci ya fi. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, a kuma ware wani abu domin jinyar wanda ya ji rauni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gobe da asuba, idan motarka ta biyo ta gefen filin Aliu Mahama ka hangi mai usur ɗin nan cikin ƙura, ka sani ya baro gida tun yara na barci, kuma mai yiwuwa sai sun yi barci zai koma. Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin iyali.